Rantsuwar Dogo Direba

Duk wanda ya zauna a Kontagora shekarun da ake yaƙin basasa ya san Dogo Direba. In bai san fuskarsa ba, to ya san motarsa, wata tsohuwa mai bodin katako da ke jigilar dawa da gero daga Salka da Auna, wani zubin har Rijau. Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, tsawo ya cinye shi. In ya zauna a gaban mota sai ya ranƙwafa kafin ya ga hanya. Hannunsa kuwa, ko maƙiyinsa ba zai kushe shi ba. Bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa take ko kazar wani ba, kuma wannan shi ya fi ba mutane haushi, don kowa ya san a wane hali yake tuƙin.

Dogo mashayin burukutu ne. Ba irin shan ɓoye da wasu manyanmu ke yi ba, su shiga ta ƙofar baya su fito suna tauna goro suna amsa maka gaisuwa da Larabci. Shi a fili yake shan abinsa, a gidan Margaret, wata 'yar Kambari daga Salka da ke dafawa can bayan gari. Yana da bencinsa a wurin, yana da ƙwaryarsa da ba mai taɓawa. In ya sha ya yi tatil ba ya zagi, ba ya duka, sai dai waƙa da kyauta. Ya taɓa dawowa gida ba hula ba takalmi, ya rabar a hanya. Mutane suna son Dogo. Ai son sa ba wuya, tunda ba su ke zaman jiransa har tuwo ya huce ba.

Mai jiran ita ce matarsa Madina, 'yar Rijau, gajeriyar mace mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. 'Yarsu ɗaya ce, Kyauta, tana aure a Auna, saboda haka gidan daga ita sai shi sai kaji. Madina ba ta iya faɗa ba. In ranta ya ɓaci sai ta yi shiru ta ci gaba da matsar mai, shirun nan kuwa ya fi zagi zafi. Shekara da shekaru tana wannan shirun, har wata rana ita ma ta gaji da shi, ta ɗaure kayanta ta yi yaji zuwa gidan yayanta a Rijau.

Tana can ne jikin Dogo ya fara ba shi amsa. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ciki ya yi ƙato yana sheƙi, sauran jiki kuwa yana zubewa. 'Yan tasha, da ba sa raina abin dariya, suka riƙa tambayarsa wata nawa ne, yaushe za a yi suna. Ya taya su dariyar har ranar da ya kasa hawa motarsa. A asibiti wani malamin asibiti, Malam Solomon, ya kwantar da shi ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya daɗe yana dannawa, sannan ya gaya masa ba kwana-kwana: giya ta cinye masa hanta, abin da ya rage ya yi tauri. In ya ci gaba da sha, kada ya sa ran ganin damina ta gaba. In ya bari, ɗan guntun da ya rage zai iya riƙe shi, muddin ba a ɗora masa wani kaya ba.

Dogo ya ji tsoro, bai kuma ɓoye ba. Da kumburin ya sauka ya shiga motar wani ya tafi Rijau. A zauren yayan Madina ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani, ya dafa ya rantse ba shi ba giya har abada. Yayan ya yi doguwar nasiha, irin wadda mai yin ta ya fi kowa jin daɗinta. Madina kuwa, daga bayan ƙofa, magana ɗaya ta yi.

"Malam, na ji, zan koma. Amma ranar da ka sake sha, ba zan tambaye ka ba, ba zan yi maka faɗa ba. Kaya kawai zan ɗaura, kuma wannan tafiyar babu biko."

"Na yarda," in ji Dogo.

Ya kuma riƙe. Wannan ina so a ji shi da kyau, domin daga baya garin nan ya faɗi abin da ya ga dama. Dogo ya riƙe rantsuwarsa. Hanyar da ta bi ta ƙofar Margaret ya daina bin ta, sai ya zagaya ta bayan maƙabarta ko da rana ta take. In ya hango ta a kasuwa sai ya faɗa rumfar masu tukwane yana tayawa, shi da ba abin da zai saya. Watannin farko hannunsa na rawa, barci ya ƙaurace masa, daga baya komai ya lafa. Da la'asar yakan kifa turmi a tsakar gida ya zauna yana taya Madina ɓarar gyaɗa, yana ba ta labarin hanya, ita kuma tana yi kamar ba ta saurara. Tana saurara mana. Ta yi ƙiba a shekarar nan, har ta fara sa lalle ba don biki ba. Daɗi take ji, irin wanda ta riga ta fid da rai da samun sa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Tafin hannun Dogo, da ya yi ja tun yana shan giya, bai washe ba, kuma in rana ta yi zafi sai ya yi ta kukan nauyin kafaɗa da ciwon kai. A ganinta ba komai ba ne illa tsohuwar giya da ta kwanta a jini; an daina zubawa, amma ba a kwashe ta dā ba. Maganin wannan kuwa kowa ya san shi a ƙasar nan, ƙaho ne. Da bazara ta kama, lokacin da ake cewa jini na tashi, ta fara yi masa magana. Dogo, duk tsawon nan nasa, tsoron aska yake ji. Ya ce Malam Solomon bai ce a yi ba, ta ce bai kuma ce kada a yi ba. Ta yi ta bin sa da lallami har ya gaji ya ce to, a yi don ita.

Wata ranar kasuwa da yamma ta sa aka kira Ɗanjuma Wanzami. Ya zo da zabirarsa a rataye yana share gumi, yana cewa yau ko ruwa bai samu ya sha ba. Daga gidan Margaret yake, inda mashaya suka yi masa layi tun hantsi, don su ma haka suka ɗauka: a sha shekara guda, da bazara a cire mataccen jini, a koma. Har da wani baƙo, in ji shi, wanda idonsa ya yi kamar gwaiduwar ƙwai, shi ma ya cire masa ya ji sauƙi. Yana ba da labarin yana kafa wa Dogo ƙahonni a kafaɗa da gadon baya, yana zuƙe iska ta tsininsu yana toshewa. Da fata ta taso ya cire su, ya zaro askarsa, ya goga ta a tafin hannu, ya yi bisimilla ya tsattsaga, ya mai da ƙahonnin. Askar nan ita ce ta yini tana aiki, kuma babu wanda ya ga abin dubawa a ciki. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mana.

Jinin da ya fito baƙi ne, guda-guda. Ɗanjuma ya juye shi a sakaina, Madina ta leƙo ta gani ta yi ajiyar zuciya. Ga ta nan, ta ce a ranta, giyar shekara da shekaru, yau ta bar min gida. Ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne da hannunta, ta sa aka yanka zakara ta yi masa farfesu. Dogo ya ce ya ji jikinsa sakayau. Suka ci a kwano ɗaya suna dariya, abin da ba su saba yi ba.

Damina ta sauka, ta yi nisa, dawa ta fara rufe mutum. A lokacin ne goro ya fara yi wa Dogo wani ɗaci da ba na goro ba. Ƙamshin man gyaɗa, da ya cika gidan tun aurensu, ya koma tayar masa da zuciya. Ya riƙa tsakurar tuwo yana ture kwano, jikinsa na ƙaiƙayi, fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi. Bai gaya wa Madina ba, don ya san abin da za ta fara kawowa a ranta. Ya ce wa kansa zazzaɓin damina ne, zai wuce.

Sai barcin rana ya zo. Ba barci ne sosai ba, wani abu ne tsakanin barci da ido biyu, mai laushi, mai daɗi, da ke sauko masa ko yana zaune a tasha ana lodi. A cikinsa kullum ruwa yake gani. Shekarar da aka tare kogin Kwara a Kainji, motarsa na cikin waɗanda suka kwashe mutanen ƙauyukan bakin kogi, can yamma da Auna, zuwa sababbin gidajensu a tudu. Ya ɗauki tukwane da turame da awaki da tsofaffi masu yawan waiwaye. Daga baya ya koma ya tsaya inda hanyar ta ƙare, ya ga ruwa shimfiɗe har iyakar ganinsa, kan wata kuka kaɗai ke waje. To a cikin barcin nan hanyar ba ta ƙarewa. Motar sai ta gangara a hankali ta shiga, ruwa ya rufe gilashi, kore shar, hasken rana na saukowa daga sama zare-zare. Inji ba ya ƙara. Kifaye na giftawa ta gabansa, ba sa ko kauce wa mota. Ga ƙauyukan nan yadda ya bar su, ga rumbuna, ga shanya a kan igiya tana lilo, ga mutane tsaye a bakin hanya da kayansu suna ɗaga masa hannu. Yana tsayawa yana ɗauka, ba mai gardama, ba mai faɗin inda za shi. Bai taɓa jin daɗin tuƙi irin wannan ba.

In ya farka sai ya tarar an gama lodi tuntuni ana kallonsa. Wata rana ya kira ɗan kamasho da sunan wani da ya daɗe da rasuwa. Wata rana ya tayar da mota ya manta inda za shi, sai da ya tambayi fasinja. 'Yan tasha suka fara duban juna suna murmushi, irin na mutanen da abin da suka daɗe suna jira ya iso. Dā ma wasu ba su taɓa yafe masa tubansa ba. Nan da nan magana ta zaga gari, ta shiga gidaje tare da masu sayen ƙuli-ƙuli, ta iso kunnen Madina cewa Dogo ya koma gidan jiya. Ita dai sai ta fara kallonsa in ya shigo.

Ranar da abin ya fashe da azahar ne. Motar ta shigo unguwa a hankali, ta tsaya a karkace ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida. Dogo ya sauko da ƙyar, ya dafa bango, ya shigo yana tangaɗi, hula a hannu, yana murmushi. Ya gaishe ta da harshe mai nauyi, ya ce mata yau hanya ta yi kyau, ruwa ya kwanta, har ya ɗauko wata tsohuwa da dutsen niƙanta. Madina ta ajiye abin da take yi ta matso kusa da shi. Idonsa ya yi rawaya, amma ba wannan ta tsaya dubawa ba. Idon mashayi ai kowane launi yana yi. Numfashinsa ta shaƙa. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi, mai tsami-tsami, irin na dawar da aka jiƙa ta fara tsiro. Ta san wannan warin, ta ja da baya.

Ta cika nata alkawarin, tunda a ganinta ya karya nasa. Ba ta tambaye shi ba. Ta kashe wutar murhu, ta juye man da ta matsa a kwalba ta toshe, ta watsa wa kaji tsaba, ta shiga ɗaki ta shimfiɗa zane ta fara haɗa kaya. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, ga baƙin ciki ga kunyar lallen da ke ƙafarta. Dogo na zaune kan turmi yana kallon ƙofar ɗakin ta cikin koren ruwan nan. Ya ga wata mace ta fito da ƙunshi a ka, tana tafiya sannu-sannu yadda kowa ke yi a can ƙasa. Ya so ya tsaya ya ɗauke ta, ƙafarsa ta kasa samun birki. Sai da ta kai bakin zaure wani abu ya tsaga ruwan ya iso gare shi.

"Madina," ya ce. "Ban sha ba."

Ta ɗan tsaya, ba ta waiwayo ba. Ta sha jin wannan maganar a bakinsa a shekarun baya, da wannan harshen mai nauyi. Ta sa kai ta fita.

A tasha motar Rijau ba ta cika ba. Ta sami gindin bango ta zauna kan ƙunshinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don ta san ana nuna ta da baki. Hadari na haɗuwa ta gabas. Tana nan zaune sai ga wata ƙaƙƙarfar mace, ba mayafi, da ɗan gicciye a wuya, ta tsaya a kanta. Madina ba ta taɓa yin magana da Margaret ba, amma ta san ta sarai. Shekara nawa ta yi tana tsine mata a zuci.

Margaret ta gaishe ta da Hausarta mai karyewa, ta ce mota take nema ta kai ƙanenta Luka gida Salka, ba shi da lafiya, direbobi duk sun ƙi ɗaukarsa. Ta san Dogo ya yanke gaisuwa da ita, amma mutum ne mai tausayi, ko uwargida za ta sa baki.

"Ni za ki tambaya?" in ji Madina. "Ai daga wurinki ya fito ɗazu."

"Wurina?" Margaret ta dube ta. "Uwargida, rabon Dogo da gidana tun kafin ya kwanta asibiti. Ƙwaryarsa ma kaji na ba suna shan ruwa. In ya gan ni gudu yake yi. Kuma masu dafawa a garin nan duk na san su, da ya sha a wani wuri da na ji, don sai sun zo sun yi min dariya."

Madina ta ce ai ba labari aka ba ta ba, ita ta ji warin, ita ta ga tangaɗin. Margaret ba ta yi musu ba, hannunta kawai ta kama ta ja ta zuwa bayan rumfar masu lodi. A can Luka ke kwance kan tabarma, magidanci, idanunsa sun rine sun yi rawaya, yana surutai ƙasa-ƙasa yana murmushi da wasu da ba a gani. Da ya ɗaga hannu sai tafin ya riƙa faɗuwa yana tashi kamar fiffiken kaza. Madina ta durƙusa, warin nan ya buge ta, shi ne sak. Margaret ta ce Luka mashayi ne, ba ta ɓoye ba, amma tun farkon damina ko warin burukutu ba ya so. Ita ke jinyarsa, ta san abin da ke shiga bakinsa. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Cikin masu zama a gidanta da yawa sun yi rawaya, matasan sun miƙe, tsofaffin mashayan kuwa har an binne wasu. Malamin asibiti ya yi ta tambayarta ko wani mai allura ya bi ta wurinsu, ko mai aska. Ta ce masa ba wanda ya zo sai wanzami da bazara.

Margaret ta juya Luka don ta gyara masa kwanciya, rigarsa ta zame. A kafaɗarsa da gadon bayansa ga tabon tsaga nan ƙanana, jere-jere, kowane gungu a kewaye. Madina ta san su. Ita ta riƙa shafa wa irinsu man shanu har suka warke.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ƙunshin ma a tasha ta bar shi, sai daga baya aka kawo mata. Yayyafi ya fara, tana tafiya tana haɗawa da gudu, mace mai shekarunta, mutane na kauce mata. Dogo ba ya tsakar gida. A cikin mota ta same shi zaune, hannu biyu a kan sitiyari, inji a kashe, ruwan sama na gangarowa a gilashi, shi kuwa yana ɗan murza sitiyarin hagu da dama yana kauce wa abin da shi kaɗai ke gani. Maƙwabta suka taru aka sauko da shi. Babban direban garin nan, a amalanke aka tura shi asibiti.

Malam Solomon ya duba idonsa, ya sa aka miƙar masa da hannuwa, ya ɗaga rigarsa ya ga tabon. Sannan ya ja Madina gefe a baranda ya yi mata bayani a hankali. Ciwon shawara ne, amma shawara iri-iri ce. Wannan jini take bi, daga jikin wani zuwa na wani, a bakin allura ko aska, ta kwanta watanni ba a san da ita ba, sannan ta tashi ta kama hanta. Mai cikakkiyar hanta yawanci yakan sha wuya ya miƙe. Dogo kuwa ta tarar da shi da ɗan guntun da giya ta rage masa. In hanta ta gaza, dattin da ya kamata ta tace sai ya hau kai, mutum ya yi ta tangaɗi da sambatu, har wari ya fito a bakinsa, ko da ya yi shekaru rabonsa da giya.

"To bai sha ba ke nan," in ji Madina.

"Ba sai ya sha ba, Mama. Giyar dā ce ta raunana shi, wannan kuma ta zo ta same shi a haka."

"Ni na kira wanzamin," ta ce. "Shi ba ya so."

Malam Solomon ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga bakin kwano, sannan ya ce kowa a garin nan yana ƙaho, shi ma an sha yi masa. Ta tambaye shi ko Dogo zai tashi. Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ta aika a gaya wa 'yarsu ta zo. Ta gane abin da yake nufi.

Aka ba shi gado kusa da taga. Madina ta tare a gefensa tana jiƙa masa leɓe da tsumma, tana jiran ya dawo ko na ɗan lokaci, don tana da magana ɗaya da take so ta sa masa a kunne. Kwanaki suka wuce yana can ƙasa. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya ce a matsa a ba tsohuwa wuri. Kyauta ta zo daga Auna, ya gaishe ta da ladabi ya tambaye ta ina za ta sauka, ta fita baranda tana kuka.

Wata la'asar, bayan an ɗauke ruwa, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonsa. Ya buɗe ido ya juyo ya dubi Madina sosai, gabanta ya faɗi. Ta riƙe hannunsa ta ce masa ita ce, ta dawo, ko motar ma ba ta shiga ba. Ta san gaskiya yanzu, ya yafe mata. Ya saurara har ta gama yana gyaɗa kai, irin na direban da fasinja ke ba shi labarin da bai shafe shi ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "Rijau za ki?"

"Malam, ni ce. Madina ce."

"A'a, Madina ta tafi. Na ga fitarta." Ya faɗi haka ba tare da wani ɗaci ba. "Ni hanyata ba ta bi ta can yanzu. In kin isa, gidan yayanta na kusa da masallaci, kowa ya sani. Saƙo zan ba ki."

Ta sake cewa ita ce. Ta kai hannunsa fuskarta don ya taɓa, ya janye shi a hankali cikin jin kunya, yadda mutumin kirki zai janye daga matar wani. A nan ta gane ba za ta same shi ta wannan ƙofar ba. Ta share fuska da bakin mayafi, ta gyara zama.

"Rijau za ni," ta ce. "Faɗi saƙon."

"Ki ce mata Dogo bai sha ba. Ko ɗigo."

"Zan gaya mata."

"Ba za ta tambaye ki ba, haka take. Ke dai ki faɗa." Idonsa ya lumshe, sannan ya sake buɗewa. "Kina ganin za ta yarda?"

"Za ta yarda."

"Kin san ta ne?"

"Na san ta," in ji Madina.

Ya yi doguwar ajiyar zuciya, ya mai da kansa kan matashi, hannuwansa suka tashi a hankali suka kama sitiyarin nan nasa.

"To riƙe da kyau, baiwar Allah, akwai gangara a gaba."

Ta kama ƙarfen gadon da hannu biyu ta riƙe.